Fashin baƙi: bury, kalmar Turancin da ba ta tsaya a bakin kabari ba

Wata rana ina koyar da 'yan aji biyar na sakandare, muna karanta wani ɗan labari na Turanci, sai muka zo kan jimlar da ke bayanin wata tsohuwa: “She had buried two husbands.” Na ce wa zai mayar mana da ita Hausa. Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, “Ta binne mazaje biyu.” Ban kai ga buɗe baki ba, wani yaro daga can baya ya yi caraf ya ce, “Malam, to ita ta kashe su ke nan?” Wata kuma ta ce, “Malam, ai mata ba sa zuwa maƙabarta, ta yaya za ta binne su?”

Duk su ukun ba su yi laifi ba. Ƙamus ya ce musu bury binnewa ce, suka riƙe. Amma baiwar Allahn nan ba ta ɗauki shebur ba, ba ta kashe kowa ba. Abin da jimlar ke cewa shi ne mazajenta biyu sun riga ta gidan gaskiya, sau biyu tana takaba. Bature yakan ce mutum ya yi “bury” na ɗansa ko matarsa yana nufin ya rasa su, ya ga mutuwarsu shi yana raye. Tun daga ranar na daina yarda a wuce kalmar nan a aji da fassarar kalma ɗaya, domin a ganina tana cikin kalmomin da suka fi yaudarar Bahaushe mai koyon Turanci. Da ganinta sai ka ce ka san ta, alhali fuska ɗaya kawai ka sani.

Tushenta ya taimaka mini ƙwarai wajen gane ta. A tsohon Turanci, wanda ake yi a Ingila shekara dubu da suka wuce, kalmar ita ce byrgan, kuma 'yar ɗaki ɗaya ce da beorgan, wadda ke nufin karewa da adanawa da ba da mafaka. Danginsu suna nan har gobe a Jamusanci: bergen, wato ceto ko kai abu wurin da zai tsira, da verbergen, wato ɓoyewa. Ke nan tun fil'azal zuciyar kalmar ba mutuwa ba ce, rufewa ce, kawar da abu daga idon jama'a. Wannan bai kamata ya zama baƙo a kunnen Bahaushe ba. Mu ma idan muna son mu yi maganar da ladabi ba mu cika cewa an binne wane ba, sai mu ce an rufe shi, ko an yi masa sutura, kuma sutura daga Larabci take, daga tushen da ke nufin rufewa. Harsuna biyu da ba su haɗa dangi ba, amma duka suka kalli kabari suka ga rufin asiri.

Sai furuci, wanda shi ne tuntuɓen farko. Ido yana ganin harafin u, baki sai ya kama hanyar “buri” ko “bori”. A daidaitaccen Turanci kuwa “beri” ake cewa, daidai da yadda ake furta berry, sunan ƙananan 'ya'yan itacen nan. Dalilin wannan saɓani na karin harshe ne. Harafin y na byrgan wasali ne da ake furtawa da tsuke leɓe, irin u ɗin Faransanci da 'yan uwanmu na Nijar suka sani. Da zamani ya tafi, kowane yanki na Ingila ya ja wasalin nasa gefe. Mutanen yamma da kudu maso yamma suka riƙe shi, marubutansu kuma, bayan zuwan Normawa, masu magana da Faransanci da suka ci Ingila da yaƙi a 1066, suka riƙa rubuta shi da u bisa salon Faransanci. Arewa da gabashin tsakiyar ƙasar suka mayar da shi i. Yankin Kent, a kudu maso gabas, ya mayar da shi e. Da Turancin Landan ya zama abin koyi, sai ya ɗauki rubutun mutanen yamma ya haɗa da furucin Kent. Irin abin da ya sami busy ke nan, ita ma u ake rubutawa, amma i ake furtawa. A ƙasar Hausa ma kalmar tamu ba baki ɗaya take ba, wani ya ce binne, wani bisne, wani bizne. Ɗauka a ce an zaɓi bizne a rubutu, amma kowa na karantawa yana cewa binne. To haka lamarin bury yake.

Abu ɗaya na gefe: sunayen garuruwa irin su Canterbury da Salisbury, da garin Bury da ke kusa da Manchester, ba su da alaƙa da maƙabarta. Nasu ya fito daga wata tsohuwar kalma dabam mai nufin gari mai ganuwa, wato birni.

Nahawunta ba shi da wuya. Ana cewa buries da buried, y ta koma i, amma a burying tana nan daram. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne ninka r, su rubuta “burried”. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne bambancin “was buried” da “is buried”. Idan aka rubuta cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo “was buried in 1817”, labarin ranar da aka yi masa sutura ake bayarwa. Idan kuwa aka ce “is buried in Sokoto”, ba wani aiki ake ba da labari ba, cewa ake hubbarensa yana Sakkwato. Mai fassara da ya ce “ana binne shi a Sakkwato” ya yi ɓarna babba.

Daga nan sai bambancin burial da funeral, wanda yake rikita mu saboda al'adarmu ta haɗe su wuri guda. A wurinmu mutum ya cika da asuba, kafin azahar an yi wanka, an sa likkafani, an sallace shi, an kai shi makwancinsa, duk muna kiransa jana'iza. A Turancin Birtaniya abu biyu ne. Funeral shi ne taron addu'a da ban kwana, burial kuma sanya gawa cikin ƙasa kawai. Sarauniya Elizabeth ta biyu ta rasu ranar 8 ga Satumba, 2022. Ranar 19 ga watan aka yi mata funeral a majami'ar Westminster da ke Landan, duniya na kallo a talabijin, burial ɗin kuwa sai da yamma aka yi shi a Windsor, iyalanta kaɗai, babu kyamara. Ƙari a kan haka, mafi yawan mamata a Birtaniya yanzu ƙone gawarsu ake yi, wato cremation, saboda haka ana iya yin funeral babu burial sam. A Turancin Najeriya kuma, musamman na kudu, burial ta faɗaɗa ta haɗiye bikin gaba ɗaya, da kiɗa da anko da ciye-ciye, ko da makonni bayan rasuwar ne. Ba zan kira wannan kuskure ba, Turancinmu ne kuma muna fahimtar juna. Sai dai wanda zai rubuta wa Bature wasiƙa ya san cewa kunnensa wani abu dabam zai ji.

Turanci ma yana da nasa sakayawa. Bury kalma ce tsirara, kamar binne. Idan ana son tausasawa sai a ce “laid to rest”, wadda ta yi daidai da “an kai shi makwancinsa”. A takardun hukuma da na majami'a akan ga inter, wadda ta zo daga Latin ta hanyar Faransanci, ma'anarta sanyawa cikin ƙasa. Sunan aikinta interment, kuma a yi hattara kada a ƙara mata n ta koma internment, wato tsare mutane a sansani ba tare da shari'a ba. Na sha ganin wannan a katin sanarwar rasuwa. Tono gawa kuwa exhume ne, sake rufe ta rebury. Sarkin Ingila Richard na uku, wanda aka kashe a yaƙin Bosworth a 1485, an gano ƙasusuwansa a 2012 ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a garin Leicester, aka sake rufe shi a babbar majami'ar garin a watan Maris na 2015.

Yanzu mu bar maƙabarta. Akwai binne abu, kamar tukunyar kuɗi ko wayar lantarki ko bututun ruwa, wannan babu gardama, Hausa da Turanci tafiyarsu ɗaya. Inda hanya ta rabu shi ne wurin da babu hannun mutum a ciki. Bature yana cewa dutse mai aman wuta na Vesuvius ya yi “bury” na garin Pompeii a Italiya a shekara ta 79. Lokacin girgizar ƙasar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu, 2023, kafofin labarai sun yi ta cewa mutane suna “buried under the rubble”. Wannan ma'ana ita ta fi damuna, saboda fassararta ta kai tsaye tana ƙirƙiro mai laifi inda babu shi. Na taɓa zama a ƙofar gida da wani dattijo maƙwabcinmu bayan la'asar, rediyonsa a kan tabarma, sai mai karanta labarai ya ce an binne wasu masu haƙar ma'adinai da ransu. Dattijon ya ajiye carbinsa ya ce, “Innalillahi! Malam, su wa suka yi wannan rashin imani?” Sai da na ce, “Baba, ba kowa ba ne, rami ne ya rufta musu.” A Hausa “an binne” tana nuna akwai wanda ya yi aikin, da niyya. “Buried alive” kuwa sau da yawa ƙaddara ce kawai. Muna da kalmominmu da suka fi dacewa: gini ya rufta musu, ƙasa ta zaftaro ta danne su, ɓaraguzai sun rufe su, rairayi ya haɗiye gari.

A jikin mutum ma kalmar tana aiki. “She buried her face in her hands” ita ce ta rufe fuska da tafukanta, ko don kuka ko don kunya. Yaro ya cusa kansa a jikin uwarsa, mutum ya zura hannuwa can cikin aljihu, harsashi ya lume a ƙyauren ƙofa, duk bury ne. “He buried himself in his work” akan fassara ta da ya duƙufa ga aiki, kuma ba laifi, amma akwai ɗan abin da ke zubewa a hanya. Duƙufa yabo ne. Na Turancin sau da yawa yana ɗauke da ƙanshin gudu, mutum ne ya ɓuya cikin aiki don kada ya zauna da abin da ke cin ransa. Idan kuwa aka ce “buried in paperwork”, ba shi ya zaɓa ba, aiki ne ya sha masa kai.

Nan ne na ga wani bambanci na tunani da ya wuce na harshe. Idan Bature na yau ya ce wane “buried his grief”, galibi ba yabonsa yake ba, yana nufin ya danne baƙin ciki bai fuskance shi ba, kuma wata rana zai taso masa. Mu kuwa mun taso ana ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wanda ya haɗiye, ya bar wa cikinsa, mai haƙuri ne, mai kawaici. Saboda haka idan ka fassara waccan jimla da “ya yi haƙuri”, ka juya zargi ya koma yabo. Ni dai ina ganin kowanne ɓangare yana da gaskiyarsa, amma aikin mai fassara shi ne ya isar da abin da marubuci ya nufa, ba abin da shi ya fi so ba.

Ma'anar da ta fi amfani ga mai bin labaran siyasa ita ce ta ɓoye magana. Ranar 11 ga Satumba, 2001, ana tsaka da hare-haren da aka kai Amurka, wata mai ba ministan sufurin Birtaniya Stephen Byers shawara, Jo Moore, ta aika wa ma'aikatan sashen yaɗa labarai saƙo cewa yau rana ce mai kyau ta fitar da duk abin da suke so su yi “bury”. Saƙon ya fallasu, aka yi mata caa, ta nemi afuwa, daga baya ta bar aiki a watan Fabrairun 2002. Daga nan “bury bad news” ta zama maganar yau da kullum a Birtaniya. Ku lura da abin da ta ce: a fitar da labarin don a binne shi. Ba hana shi fita ake yi ba. Ana sakinsa ne a ranar da hankalin kowa ya tafi wani wuri, ta yadda gobe idan an yi tambaya za a ce ai mun sanar. Ƙasar da ake rufe shi da ita wani labari ne da ya fi shi girma. Haka sharaɗin da ya fi cutarwa a takardar yarjejeniya yakan kasance “buried in the small print”, yana nan a rubuce, amma an cusa shi cikin ƙananan haruffa inda ido ba ya kai wa. 'Yan jarida kuma suna da nasu, “bury the lede”, wato ɗan rahoto ya tura ainihin labarin can sakin layi na bakwai. Idan aka ce gwamnati ta yi “bury” na rahoton kwamiti, mu cewa za mu yi an danne shi, ko an yi rufa-rufa. Ba yaga shi aka yi ba, yana nan cikin wata durowa, kuma abin da aka binne ana iya tono shi. Shi ya sa ake tsoron wanda aka ce “knows where the bodies are buried”, tsohon ɗan gida da ya san ciki da bai, yake riƙe da asirin manya.

Mu ma muna da namu binnewar da Turanci bai san da ita ba. Ka ce wa Bature nan aka binne cibiyarka, sai ka yi masa dogon bayani kafin ya gane mahaifarka kake nufi.

Karin magana guda biyu sun fi yawo. “Bury the hatchet” sulhu ce, kuma ba ƙirƙirar baki ba ce kawai. Al'ada ce ta wasu ƙabilun asali na Arewacin Amurka, musamman Iroquois, su binne gatarin yaƙi a ƙasa idan an ƙulla zaman lafiya, kuma Turawan da suka zauna a yankin sun rubuta labarin hakan tun ƙarni na 17. Mu wuƙa muke mayarwa kube. Idan an dubi hotunan biyu da kyau, nasu ya fi nisa, domin wuƙar da ke kube tana nan a ƙugu, gatarin da ke ƙasa kuwa sai an yi haƙa. Na biyu shi ne “bury your head in the sand”, wato ƙin kallon matsalar da ke gabanka, yin kunnen uwar shegu da abin da zai cuce ka. An jingina shi ga jimina, wai tana tusa kanta cikin rairayi idan ta ga maƙiyi. Jimina ba ta yin haka. A rami mara zurfi take ƙwai, takan sunkuyar da kai ta juya su da baki, wani lokaci kuma ta kwanta ta shimfiɗa wuya a ƙasa don kada a hango ta. Daga nesa sai a ga kamar kan ya shige ƙasa. Akwai kuma “dead and buried”, abin da ya mutu murus, bakin alƙalami ya bushe. Masu kallon ƙwallon Ingila kuwa sun saba jin mai sharhi na cewa ɗan wasa “buried it”, ya zura ta a raga ba tare da wata-wata ba.

Na bar mafi nauyinsu a ƙarshe, domin tana mayar da mu wurin tsohuwar nan ta ajinmu. Ranar 18 ga Nuwamba, 1956, aka yi wata liyafa a ofishin jakadancin Poland da ke Mosko. Lokaci ne na zaman ɗar-ɗar, sojojin Tarayyar Sobiyet ba su jima da murƙushe boren Hungary ba, ga rikicin mashigin Suez bai lafa ba. Shugaban Sobiyet Nikita Khrushchev ya dubi jakadun ƙasashen Yamma ya ce musu, ko sun so ko sun ƙi, tarihi yana gefensu. Sai ya ƙara da wata gajeriyar jimla ta Rashanci, wadda aka mayar Turanci da “We will bury you.” Jakadu da dama suka fice daga ɗakin, jaridu suka ɗauka, Amurkawa da yawa kuma suka ji ta a matsayin barazanar makamin nukiliya: za mu hallaka ku, mu turbuɗe ku cikin ƙasa. Kusan tambayar yaron nan na bayan aji suka yi, to shi zai kashe mu ke nan?

Kalmar Rashancin da ya yi amfani da ita ta jana'iza ce, kuma idan aka haɗa ta da maganar tarihi da ta gabace ta, abin da ya fi kusa da nufinsa shi ne: za ku riga mu mutuwa, mu za mu tsaya a kan jana'izarku. Tsarin gurguzu ne yake cewa zai ga bayan jari-hujja. Ba magana ce mai daɗi ba, cika baki ne da gatsali, amma ba shelar yaƙi ba ce. Abin da ya ƙara ɗaure kai shi ne fassarar ba ƙarya ta yi ba, tunda Turanci yana da wannan ma'ana, ita ce dai ta “she had buried two husbands”. Sai dai kalmar tana da ɗayar fuskar, ta murƙushe abokin gaba, kuma mutanen da ke kwana da tsoron bam ita suka ji. Maganar ta bi Khrushchev shekara da shekaru, har a 1963, a wani jawabi da ya yi a Yugoslabiya, ya koma kanta ya ce ba da shebur za su binne su ba, ma'aikatan ƙasashensu ne da kansu za su yi wannan aiki.